Gajimaren da ke tsayawa cak a kan duwatsu: hoton gaske ne ko haɗi?

Da safiyar 19 ga Janairun 2023 mutanen birnin Bursa da ke arewa maso yammacin Turkiyya suka wayi gari da wani gajimare tsaye a samansu, zagayayye, sumul kamar an goge shi, kalarsa tsakanin ja da ruwan goro, kuma ya kai wajen awa guda bai gusa ba. Cikin kwana ɗaya biyu hotunansa suka zaga duniya, mu ma suka iso mana ta WhatsApp da Facebook. Kamar kullum sai aka rabu gida biyu. Wasu suka hau turawa suna cewa alama ce, wani abu na tafe, wasu kuma suka ce haba ai wannan ko makaho ya shafa ya san fotoshof ne, gajimare ba ya yin haka. Har yau in irin hoton nan ya fito haka ake yi, sai dai yanzu an bar cewa fotoshof an koma cewa AI ne, wato ƙirƙirarriyar basira.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, mafi yawan hotunan nan gajimaren da ke cikinsu na gaske ne, yana faruwa, an san shi an san dalilinsa tun kafin a ƙera kwamfuta. Inda ƙarya ke shigowa yawanci a kala ne da girma, sai kuma rubutun da ake maƙala wa hoton, wanda wallahi shi ya fi komai ɓarna.

Bari mu fara da yadda abun yake samuwa, don in mutum bai gane wannan ba sauran bayanin zai zama kamar ana lallashinsa ne kawai. Iska ba ta iya ratsa dutse. In ta taho da ƙarfi ta ci karo da jerin tsaunuka a gicciye dole ta hau, tana hawa tana sanyi, kusan digiri 1 a duk mita 100, kuma iska in ta yi sanyi ba ta iya riƙe tururin ruwan da ke cikinta kamar da, to da ta kai wani mataki sai tururin ya koma ƙananan ɗigon ruwa masu shawagi. Tarin ɗigon nan shi muke gani mu ce gajimare. Tana tsallake ƙololuwar dutsen sai ta gangaro, tana gangarowa tana ɗumi, ɗigon ya sake komawa tururi ya ɓace wa ido.

To in aka yi dace iskar ranar natsattsiya ce, wato irin wadda in an ɗaga ta tana neman komawa matakin da take, ba ta tsayawa a gangarowa ɗaya. Sai ta zarce ƙasa, ta sake tasowa, ta sake gangarawa, haka haka har kilomitoci masu yawa bayan dutsen. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin rafi da damina ya ga ruwa na gudu a kan wani dutse da ya nutse ya san abun da nake nufi, bayan dutsen za ka ga tudun ruwa, da wani a bayansa, da wani, ruwan na wucewa da gudu amma tudun na nan inda yake bai matsa ba. Haka iska ke yi a sama. A kan kowane tudu in akwai isasshen danshi sai gajimare ya fito, a cikin kwarin da ke tsakani kuma babu komai sai sarari.

Wannan shi ne amsar babbar tambayar da masu cewa ƙarya ne ke yi, wai ta yaya ana iska mai ƙarfi gajimare zai tsaya wuri ɗaya. Ai ba gajimare ɗaya ba ne yake tsaye. Ta gefen da iska ke shigowa ana ƙirƙirarsa kowace daƙiƙa, ta gefen da take fita yana narkewa kowace daƙiƙa, iskar na ratsa shi da gudu, siffar ce kawai ta tsaya. In ka samu bidiyon da aka ɗauka na tsawon lokaci aka gaggauta shi za ka ga sauran gizagizai na wucewa shi kuma yana nan, gefensa na ɗan motsi. Sumul ɗin da yake da shi ma daga nan ne, iskar tafiya take a shimfiɗe ba tafasa take ba, shi ya sa ba ya yin dunƙule-dunƙulen nan irin na hadari. In kuma iskar hawa-hawa ce, mai danshi, busasshiya a kanta, mai danshi a kan wannan, sai ka ga gajimaren ya fito a jere ɗaya kan ɗaya da tazara a tsakani, wanda shi ne ya fi sa mutane rantsuwa cewa zana shi aka yi. Masana yanayi suna kiransa lentikula, kuma yawanci yana tsakanin kilomita 2 zuwa 7 daga ƙasa.

Me ya sa mu ba mu saba da shi ba? Dalilin a fili yake. Daga Sakkwato zuwa Katsina zuwa Kano, daga Maraɗi zuwa Damagaram, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, Dala da Gwauron Dutse ba su kai su karkatar da iskar sama ba. Sannan ko a inda muke da tsaunuka masu tsayi irin Chappal Waddi a Taraba mai mita 2,419 ko duwatsun Bagzan a Nijar, lokutan shekara ba sa taimakawa sosai. Da hunturu akwai iska amma a bushe take ga hazo ya rufe ko'ina, da damina akwai danshi amma iskar tafasa take tana gina hadari. Ba wai ba zai taɓa faruwa ba, amma mutum zai iya tsufa bai gani ba. Bursa kuwa a gindin tsaunin Uludag take mai tsayin mita 2,543, kuma garin ya shahara da iskar kudu maso yamma mai ƙarfi da suke kira lodos, musamman lokacin sanyi. Duk kayan haɗin na nan. Hukumar hasashen yanayi ta Turkiyya ma ba ta ɓata lokaci ba ta ce lentikula ne.

Don haka in ɗan uwa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba ni ba na ganin laifinsa, gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce tsallen da ake yi daga ban taɓa gani ba zuwa babu shi.

Akwai wuraren da abun ya zama ɗan gida har sun raɗa masa suna. A Japan tsaunin Fuji mai mita 3,776 yana yawan sanya irin wannan gajimare a kansa, suna ce masa kasagumo, kuma tun zamanin kakanni mutanen yankin suna ɗaukarsa alamar ruwa na tafe, wanda ba camfi ba ne don yana nuna danshi ya fara shigowa a sama. A yankin Otago na ƙasar Niyu Zilan akwai wani da ke fitowa kusan a wuri ɗaya duk sanda iskar arewa maso yamma ta bugi jerin duwatsun Rock and Pillar, suna kiransa Taieri Pet, kuma a watan Satumban 2024 tauraron ɗan adam na Landsat 8 ya ɗauko shi daga sama, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta wallafa. A Nuwamban 2015 sun cika saman birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, mutane da dama suka ɗauka daga unguwanni daban-daban. Tsaunin Rainier a Amurka mai mita 4,392 shi ma gidansu ne, kuma a kusa da shi ne a ranar 24 ga Yunin 1947 wani matuƙin jirgi Kenneth Arnold ya ce ya ga wasu abubuwa guda 9 na tafiya a sama, labarin da ya haifar da zancen jiragen baƙin halittu masu siffar faranti, daga baya cikin bayanan da aka kawo har da cewa ƙila irin wannan gajimare ya gani. Manhajar Photoshop fa sai a 1990 ta fito kasuwa.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba ma hoto ba ce, mutanen da suka shiga cikin iskar da jikinsu ne. Tun a 1933 matuƙan jirage marasa inji a Jamus, ciki har da Wolf Hirth, suka gano cewa in ka sa jirginka a gaban irin wannan gajimare iskar ɗaga ka take yi sama ba tare da inji ba. Daga nan ya zama sana'a, suna farautarsa. A ranar 2 ga Satumban 2018 jirgin Perlan 2, wanda ba shi da inji kwata-kwata, ya hau sama da mita 22,000 a kan irin wannan igiyar iska ta tsaunukan Andes kusa da El Calafate a Ajantina, wato kusan ninki biyu na tsayin da jiragen fasinja ke tafiya. Sannan akwai ɓangaren baƙin ciki. A ƙarƙashin iskar nan mai santsi akwai wata mai jujjuyawa da mugun ƙarfi, matuƙa na tsoronta. A ranar 5 ga Maris 1966 jirgin fasinja ƙirar Boeing 707 na kamfanin BOAC na Birtaniya ya tashi daga Tokyo zai je Hong Kong, ya bi ta kusa da Fuji, iskar bayan dutsen ta wargaza shi a sama, duk mutum 124 da ke ciki suka rasu. Ranar ma sararin garau yake, iskar na nan tana aikinta ba tare da gajimaren da zai tona ta ba. Abun da ya karya jirgi ba a kwamfuta aka haɗa shi ba.

To ina ake taɓa hotunan? Don ana taɓawa, kada mu yaudari kanmu.

Na farko kala. Jan da kake gani da asuba ko da magariba yana da asali, rana na ƙasa ƙasa, haskenta ya ratso iska mai nisa shuɗin ya watse a hanya saura ja da ruwan goro, kuma yana haska gajimaren ta ƙarƙashi alhali ƙasa tana cikin duhu duhu, shi ya sa yake kamar yana ci da wuta. Wani lokaci gefensa har kore da ruwan hoda yake yi saboda ɗigon ruwan ƙanana ne kuma girmansu kusan ɗaya. Amma wayoyin yanzu da kansu suke ƙara wa hoto gishiri kafin ma ka gani, suna ɗaukar hotuna da yawa a latsawa ɗaya su haɗe, su ƙara kala su ƙara kaifi, sannan mai hoton ya ƙara nasa, wanda ya kwafa ya ƙara nasa, kafin ya iso guruf ɗinku ya zama ja jawur kamar jini. In ka jera hotunan Bursa na mutane daban-daban za ka ga siffa ɗaya ce amma kala ta sha bamban, wani ja sosai wani ruwan goro mai haske, wani ɓangare saboda mintunan da aka ɗauka sun bambanta, wani ɓangare saboda hannu. Wannan a wurina ƙari ne, bai mayar da hoton ƙarya ba, amma ya kamata mai kallo ya rage wani abu a ransa. Hanya mai sauƙi ita ce ka bar kallon gajimaren ka kalli gine-gine da bishiyoyi da titi, in su ma sun rine to an murɗa.

Girma kuma aikin zumin kamara ne. In mai hoto ya tsaya nesa ya jawo da doguwar kamara, abun da ke kilomita 20 a baya sai ya zama kamar yana kan rufin gidan da ke gaba, sai ka ga gajimare ya danne gari gaba ɗaya alhali wanda ke tsaye a wurin bai gan shi da wannan girman ba. Babu wanda ya yi ƙarya a nan, dabi'ar gilashin kamara ce. Haɗi na gaske shi ne a yanko gajimaren Fuji ko na Andes a liƙa a kan wani gari ko wani masallaci ko wani wuri mai tsarki don a samu masu turawa. Sai kuma na ƙirƙirarriyar basira da suka yawaita daga 2022 zuwa yau, waɗanda babu kamara a cikin zancensu sam.

Amma duk waɗannan ba su kai rubutun ƙasan hoto ba. Hoto na gaske ɗari bisa ɗari, a canza masa gari, a canza masa shekara, a ce jiya aka gani, a ƙara da cewa masana sun kasa bayani. Ba sai an iya manhaja ba, yatsa biyu sun isa. Na Bursa ya sha wannan. Kwana 18 bayan fitowarsa, ranar 6 ga Fabrairu, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa yankin Kahramanmaras, wata mai 7.5 ta biyo baya bayan kamar awa 9, sama da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai ban da na Siriya, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Nan da nan aka tono hoton gajimaren aka ce ai ga gargaɗin nan, wasu suka ce Amurka ce ta harba makamin HAARP. To Bursa na da nisan sama da kilomita 700 daga inda girgizar ta faru, girgizar kuma daga tsagewar duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta gabashin Anatoliya ta taso, tsagewar da masana suka daɗe da sani suna gargaɗi a kanta. HAARP ɗin ma cibiyar bincike ce a Gakona ta jihar Alaska, tun 2015 tana hannun jami'ar Alaska da ke Fairbanks, kuma abun da take nazari wani sashe ne na sama can nesa ƙwarai da inda gizagizai suke. Lentikula na fitowa a Fuji da Andes da Rainier sau da yawa a shekara babu girgizar da ke biyo baya, ba wanda ke ajiye lissafin waɗannan ranakun, sai ɗayan da ya yi kusa da musiba ake tunawa. Abun ya yi min ciwo don mutane na tono 'yan uwansu daga ƙarƙashin gini, wasu na can na neman masu bibiya da hoton gajimare. Cewa ikon Allah ne babu mai jayayya, iskar da dutsen da danshin duk nasa ne, sanin sababin bai rage komai daga wannan ba. Ƙirƙira masa fassarar da ba ka da hujjarta wani abu ne daban.

In irin hoton ya iso maka ga abun da nake ganin ya fi amfani. Tambayi ina ne, yaushe ne. Hoton da ba shi da gari ba shi da rana tun daga nan ya rasa rabin darajarsa. In an faɗi garin duba taswira ko akwai tsauni a kusa, don kusan kullum sai da dutse, ana samunsa jefi jefi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa amma ba kasafai ba. Sannan ka nemi wasu shaidu. Gajimaren da ke kilomita 5 a sama ya kuma tsaya awa guda a kan gari mai miliyoyin mutane ba zai yiwu mutum ɗaya ne kawai ya ɗauka ba, dole a samu hotuna daga kusurwa daban-daban, wani da wayar lantarki a gaba, wani daga cikin mota, wani a karkace. Munanan hotunan nan su ne shaidar da ta fi ƙarfi, kuma na Bursa da na Cape Town suna da su birjik. In hoto ɗaya tilo ke yawo, kyakkyawa tsaf, kowa shi yake turawa, to a yi hattara. Saka shi a Google Lens ko TinEye ka ga inda ya fara fitowa, sau da yawa sai ka tarar ya shekara biyar ko goma yana zagaye da sunan garuruwa daban-daban. Kada ka dogara da bayanan cikin fayil ɗin hoton irin rana da samfurin waya, Facebook da WhatsApp na goge su in an tura a matsayin hoto. Wanda ke da data da haƙuri zai iya buɗe shafin Worldview na NASA mai nuna hotunan da tauraron ɗan adam ke ɗauka ya zaɓi ranar ya duba, sau da yawa ana ganin layukan igiyar a jere a bayan tsaunuka, sai dai tauraron na wucewa ne a ƙayyadadden lokaci, rashin ganinsa a can bai isa hujjar cewa ƙarya ne ba.

A jikin hoton kuma haske za ka bi. Gefen da rana ta haska a gajimaren ya dace da gefen da ta haska a dutsen da gine-gine. In suna da yawa a sama ya kamata su miƙe ta fuska ɗaya, don iska ɗaya ce ta yi su, yawanci a kwance daidai da layin tsaunukan. Na gaske yana da ɗan aibi, gefe ɗaya ya fi kaifi ɗayan ya ɗan yage, hawa-hawan ba su cika zama daidai wa daida ba. Na na'ura yakan yi kyau fiye da kima, zagaye cif, kuma sau da yawa a ƙasa yake tona kansa, tagogin da suka narke, rubutun allon shago da ba ya karantuwa, dutsen da bai yi kama da wanda aka ambata ba. Sai dai manhajojin na ƙara gogewa kullum, don haka ni na fi yarda da neman shaidu a kan zura wa hoto ido.

Akwai wani nau'in da wannan ma'aunin na yawan shaidu ba ya yi masa adalci, kuma ana yawan rikita shi da lentikula. Shi ne wanda ke fitowa kamar igiyoyin teku a jere, kowace ta lanƙwasa kai za ta kife. Yana samuwa ne in iskar sama ta fi ta ƙasanta gudu sosai, sai ta riƙa naɗe saman gajimaren, ana danganta shi da sunan masana biyu, Kelvin da Helmholtz, kuma a 2017 hukumar yanayi ta duniya ta sa shi a kundinta na gizagizai da sunan fluctus. An ɗauke shi a Birmingham ta jihar Alabama a Disambar 2011, an ɗauke shi a kan tsaunukan Bighorn na jihar Wyoming a Disambar 2022, duka biyun kuma masana yanayi sun tabbatar. Shi wannan ba ya tsayawa awa guda, 'yan mintuna ne ya watse, in kuma a ƙauye ne ko bayan gari to zai iya yiwuwa mutum ɗaya ko biyu ne kawai suka ɗaga kai a lokacin. A irin wannan sai a koma ga wanda ya fara sakin hoton, shin yana da wasu da ya ɗauka kafin da bayan wannan, shin yanayin ranar a garin akwai iska mai ƙarfi a sama, shin ofishin hasashen yanayi na yankin ya ce wani abu, don galibi in abun na gaske ne su da kansu suke sake wallafa shi da bayani.